Suna a Kan Murfin Inji

Ta tafin ƙafa ƙarar ta fara shiga jikina. Ta biyo ƙarfen bencin da muke tsaye a kai, ta hau gwiwa, ta zauna a ƙirji, sannan kunne ya samu rabonsa. Motocin da ke jere a ƙasanmu duka aka tayar a lokaci guda, iska ta cika da warin mai da na roba mai zafi, haɗe da ƙamshin naman da ake gasawa a bayan rumfuna. Na buɗe baki na ce wa Tanti Rabi wani abu, ban ji muryata ba. Ita ma ta ce wani abu, leɓɓanta kawai na gani. Ranar Lahadi ce a filin tseren motoci, kuma a cikin injunan nan akwai guda ɗaya da na san kowane ƙarfe na cikinsa, domin ni na wanke su. Sai dai hanyar da ta kawo ni bencin tana da ɗan tsawo, daga Greensboro ta faro.

Na sauka garin a farkon shekarun dubu biyu, da bizar nan ta caca wadda ƙanin mahaifina ya cika mini kamar wasa. Ina da takardar digiri a fannin harshe da kai cike da waƙoƙi, kuma a zatona Amurka benaye ce zalla. Sai na tarar da itatuwa. Lokacin da ganye ke sauya launi ne, ko'ina ja da rawaya da ruwan goro, kamar an tsoma dajin gaba ɗaya a marina. Wata mata 'yar garinmu ta ba ni kusurwar ɗaki a East Greensboro, ta samo mini aikin gyaran gadaje a otal. Da sanyi ya shigo, wata safiya na fito na ga ruwan da aka yi ya daskare a jikin kowane reshe, rana tana ratsa su kamar an yi garin da gilashi. Na tsaya kallo har bas ta wuce ni, aka yanke mini rabin yini a wurin aiki.

Kewar gida kuwa a katin waya take zaune. In na kankare katin na buga, Inna ta karɓa, ba ta taɓa ambatar sunana ba, domin ni ce 'yar fari. Za ta tambayi sanyi, ta tambayi matar da nake wurinta, sannan ta miƙa wa ƙanwata wayar, in jiyo Inna daga nesa tana cewa a gaya wa waccan ta riƙa rufe kanta in za ta fita. A gida wannan bai taɓa damuna ba. A can, inda kowa ke kiran sunana a karkace, na kan ajiye wayar in daɗe zaune.

Garin ba na mai ƙafa ba ne. Bayan wata da watanni na tara abin da zai sayi tsohuwar mota, aka haɗa ni da wani Alhaji da ke sayar da su a bayan gidansa. Ya shafa tambarin da ke goshin wata 'yar shuɗiya, tambarin kamfanin nan da direbobin garinmu ke rantsuwa da shi, ya ce wannan ko jikokina za su hau. Ban cika wata biyu da ita ba ta mutu a gefen wata hanya kudu da gari, da yamma, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin bonet. Ina tsaye ina kallon motoci na wucewa sai wata a-kori-kura ta tsaya, wani dogon mutum baƙi ya fito. Ya fara da Turanci, ya dubi mayafina, sai ya ce, "Sannu ɗiyata, mi ya samu motar?" Kukan da na riƙe tun saukata a lokacin ya ƙwace.

Shi ne Tonton Issa, wato Kawu Issa, mutumin Maraɗi. Ya ɗaga bonet ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi 'yar dariya ba ta mugunta ba. Ya nuna mini cewa injin da ke ciki ba na motar ba ne, na wata ce dabam da ta girme ta, an cusa shi an ɗaure da waya. Washegari ya raka ni wurin Alhajin. Alhaji bai ko tashi daga kujera ba. Ya ce shi mota ya sayar mini, ga sunanta nan a jikinta, maganar inji kuwa, na tambaya? Gaskiya ne, ban tambaya ba.

Tonton bai iya dawo mini da kuɗina ba, amma ya kai ni gidansa. Matarsa Tanti Rabi, gajeriya mai faɗin murya wadda ke yin kitso a falonta, ta ajiye mini dambu da zogale a gabana, ta tsaya a kaina sai da na cinye. 'Ya'yansu biyu a can aka haife su, in an yi musu Hausa su amsa da Turanci. Kafin mako ya zagayo Tanti ta sa an kwaso akwatina. Ta ce ɗiya mace ba ta zama a kusurwar ɗaki alhali akwai gado babu kowa a kai.

Tonton ne kuma ya ce ana neman mai wanke ƙarafa a inda yake aiki, wani garejin injuna kusa da Pleasant Garden, tsakanin gonakin ciyawa da shanu. Da na ji gareji, na hango ƙasa baƙa da giris da tsofaffin tayoyi. Abin da na tarar ya fi asibiti tsafta. Daɓen fari tas, fitilu kamar tsakar rana, maza sanye da safar hannu suna magana ƙasa-ƙasa. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebura, an jera fistan da bawul da noti suna ƙyalli kamar jeren ɗakin amarya. Wani yana ɗora fistan a kan ma'auni irin na masu sayar da zinariya, ya goge ɗan abin da ido ba ya gani, ya sake aunawa. Injunan motocin tsere ake haɗawa a wurin, na babbar gasar ƙasar, wadda ake nunawa a talabijin duk Lahadi.

Mai wurin wani tsohon Bature ne, Mista Harlan, siriri mai manyan hannuwa, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙara. Tonton kuwa Patron yake ce masa, wato maigida. Ranar da na fara aiki ya kai ni ɗakin gwaji da kansa. A bayan wani gilashi mai kauri aka ɗaure inji shi kaɗai, babu mota, babu taya, babu inda zai je. Aka tayar da shi. Ya fara da gurnani, ya hau, ya ƙara hawa, har sautin ya zama wani dogon ihu da ban san ƙarfe zai iya yi ba. Bututun hayaƙinsa suka yi ja kamar garwashi, har ina ganin hasken a fuskar tsohon. Injin da na sani a rayuwata shi ne na niƙa a bakin layinmu. Na tsaya ina tasbihi a zuci, ina tunanin Wanda ya ɓoye wuta a cikin dutse, ya kuma bar ɗan Adam ya gano ta. Tsohon ya rufe ido, ya karkatar da kunnensa mai ji, kamar mai sauraren karatu yana jiran inda za a yi tuntuɓe.

Kowane inji tsere ɗaya yake yi. Ya dawo a gajiye, a warware shi har noti na ƙarshe, a kawo mini in wanke. Tonton ya ce kuɗin guda ɗaya zai gina gidan bene a garinmu har a yi masa katanga. Na riƙa ɗaukar ƙarafan da hannu biyu.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. In an gama haɗa inji, akwai kwalin da ke zuwa daga wani babban kamfanin motoci, cike da murafu masu sheƙi, sunan kamfanin a jikinsu da manyan baƙaƙe. Mista Harlan da kansa yake ɗaura murfin, ya shafa shi sau ɗaya, ya juya. Daga wannan lokacin babu mai sake cewa injinmu. A hanyar gida Tonton ya yi mini bayani. Kamfanin ne ke ba da ɗanyen ƙarfen da kuɗin. In motar ta ci tsere, direba zai tsaya gaban kyamara ya gode wa injiniyoyin kamfanin, mutane kuma su wayi gari su je su sayi motar kamfanin, suna jin zuciya ɗaya ce a cikinta da wadda suka gani jiya. Don haka yarjejeniyar ta ce kada kowa a waje ya ji cewa wani ƙaramin gareji a tsakiyar shanu ne ke yin aikin. Ya ce a tseren Turai, wanda yake kallo a tashar Faransa, abin ya fi haka: kamfanin da ke sayar da mai, ko ma tufafi, yakan biya a rubuta sunansa a kan injin da wani ya ƙera.

"Suna ma haja ce a nan, ɗiyata," ya ce. "Ki kama bakinki. Papiyena, takarduna na zama, a hannun Patron suke."

Wannan shi ne abin da gidan ya dogara a kai. Garejin ne ya tsaya wa Tonton wajen neman takardar zama, kuma maganar ta yi shekaru tana tafiya, ta kusa ƙarewa. In aikin ya tafi, takardar ta tafi, shi da Tanti su koma ba su da izinin zama a ƙasar da aka haifi 'ya'yansu.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin tambayar tsohon ko ba ya jin ciwo a ga aikinsa da sunan wani. Ya juyo da kunnensa mai ji, na maimaita. Ya ce, "Inji bai iya karatu ba," ya ci gaba da aikinsa.

Babu wanda ya gaya wa Tanti komai. Fuskar mijinta ta karanta. Duk Lahadi ana kallon tseren a falo tana kitso, ta lura cewa in wata jar mota ta wuce gaba, Tonton yakan manta da shayin da ke hannunsa. Wata rana ta ritsa ni a kicin ta ce ta gane, jar nan tasu ce, abin da take son ji shi ne yadda Patron yake yi in ta ci. Na ce ba ya yin komai. Ran Litinin ba ya ko ɗaga maganar, in wani ya fara sai ya fita ya duba wani abu a waje. Tanti ta ajiye ludayi.

"Wayyo bawan Allah. Kunyar ɗan fari ce."

Na ce a'a Tanti, kwantiragi ne, kuɗi ne. Ta ce ta ji, takarda takarda ce, amma ita mutum take gaya mini. Wanda ya haifa ya kasa kiran suna, ai a kan maƙwabta nauyin yake, su ne za su yi murnar da ƙarfi a madadinsa, in ba haka ba ɗan ya tashi yana zaton ba a son sa. Maganar ta taɓa ni a inda ban shirya ba. Tonton da ya jiyo mu daga falo ya ce, "Rabi, bakinki." Ta ce ita ta ce za ta yi magana ne?

Da bazara aka kawo tseren zuwa wani fili da ba shi da nisa, ɗan tsallaken iyakar jihar. Mista Harlan ya ba Tonton katin shiga guda uku masu igiyar ratayawa, irin waɗanda ke kai mutum har inda motocin suke. Sharaɗi ɗaya ya sa: kada a sa rigar gareji, a je a matsayin 'yan kallo. Muka bar yaran wurin maƙwabta. Tanti ta ci ado da atamfa da ɗauri kamar mai zuwa biki.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba sai a hotunan Arfa. Mutane sun kwana a motoci masu ɗakuna, tutoci ko'ina, kusan kowa farar fata, kuma shekarun ba masu sauƙi ba ne ga mace mai mayafi. An kalle mu. Na ji kallon a bayan wuyana. Amma kafin a fara, da muka zagaya kusa da motocin, na manta da kowa. Ba su da ƙofa, ta taga direba ke shiga. Jikinsu kaf sunaye ne, na sabulu, na magani, na abincin yara, babu wurin da za a ɗora tafin hannu ba a taɓa sunan wani mai kuɗi ba. Na matsa kusa da jar motar na dubi fitilunta na gaba, sai na ga ba fitilu ba ne. Hoton fitila ne aka manna, don ta yi kama da wadda kamfanin ke sayarwa. Na nuna wa Tanti, ta ce to ai wannan ya fi Alhajinki iya sana'a.

Wani fasto ya yi addu'a a lasifika, jiragen yaƙi suka tsaga sama a kanmu, sannan aka tayar da injunan. Wata tsohuwa mai jan gashi a bencin bayanmu ta ga yadda na dafe kai, ta taɓa kafaɗata, ta miƙo mana 'yan soso na toshe kunne, ta nuna mana yadda ake murza su. Ko sunanta ban ji ba.

Tseren zagaye ne kawai, hagu, hagu, hagu, amma ban gaji da kallo ba. In sun taho a dunƙule sai iska ta riga su isowa, ɓarɓashin roba ya sauka a fuska kamar yayyafi. Na riƙa tunanin ƙarafan nan da na wanke da ruwan ɗumi, na shanya a farin ƙyalle, yanzu suna can cikin wuta suna hawa da sauka fiye da yadda zuciya za ta iya bi. Da la'asar ta yi muka sauka muka yi salla a bayan wata babbar mota, wani mai tumbi ya janye akwatin ƙanƙararsa ya ba mu wuri. Muka dawo muka tarar jar motar ita ce ta biyu. A zagayen ƙarshe ta shige ta ciki. Aka kaɗa tuta mai baƙi da fari, filin ya tashi tsaye. Tonton bai yi tsalle ba, ya zauna ya rufe fuska da hula.

Katinmu ya kai mu ƙasa, bayan katangar da ma'aikata ke tsayawa. An kashe injuna, shirun ya yi nauyi a kunne. Mutanen kamfani cikin riguna iri ɗaya suna rungumar juna, direban yana lasifika yana gode wa injiniyoyin kamfanin da suka ba shi irin wannan inji. Can gefe, jikin wata babbar mota, Mista Harlan yana tsaye shi kaɗai da tsohuwar hula, hannuwansa a aljihu, kamar wanda ya zo rakiya.

Ban ga lokacin da Tanti ta saki hannuna ba. Guɗar kawai na ji. Ta kama hanci ta rangaɗa ta, doguwa, siririya, irin ta ranar suna, ta ratsa wurin nan kamar an ja zare a cikin ƙyalle. Kowa ya waiwayo. Ta taka har gaban tsohon, ta ɗan rusuna, ta zaro dabino da alawa daga jaka ta cika masa hannu.

"Barka Patron, barka da arziki. Ɗanka ya yi. Kai ka haihe shi, in kai ba ka hwaɗi mu mu hwaɗi."

Tana faɗa tana nuna jar motar, ta nuna ƙirjinsa, ta haɗa hannuwa kamar mai rungume da jariri. Ko wanda bai ji Hausa ba ya kusa ganewa.

Mutum biyu suka iso kusan tare. Ɗaya ɗan jarida ne da 'yar rikoda a hannu, yana murmushin wanda ya tsinci labari. Ɗayar matar kamfanin ce, wadda na sha ganin tana zuwa gareji da takalma masu tsini, ita ba ta murmushi. Na dubi Tonton. Ya tsaya kamar an dasa shi, leɓɓansa sun yi fari. Ɗan jaridar ya dube ni, ni da na yi kama da mai jin harsunan biyu, ya tambayi me matar nan take cewa, kuma me ya haɗa dattijon nan da motar da ta ci.

Duk karatun harshen da na yi, ban taɓa jin nauyin kalma kamar lokacin ba. Na ce masa barka take yi. Na ce a ƙasarmu in an yi wa mutum haihuwa, ba shi ke shela ba, mata ne ke zuwa su yi wannan kukan na murna, su kawo zaƙi. Ya ce to motar fa? Na ce addu'a take yi, Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba shi ƙafa irin ta waccan.

Ɗan jaridar ya juya ga tsohon ya ce ashe jika aka samu, mace ko namiji? Mista Harlan ya dubi dabinon da ke hannunsa, ya daɗe.

"Namiji ne," ya ce. "Akwai murya."

Ɗan jaridar ya yi dariya, ya girgiza masa hannu, ya kashe rikodarsa ya bi direba. Matar kamfanin ba ta tafi ba. Ta dubi hannuwan Tonton, inda baƙin mai ya zauna a gefen farce ba ya fita, ta dubi katin da ke wuyan Tanti, sannan ta ce wa tsohon za ta shigo ran Litinin.

Muka shiga mota muka hau babbar hanya. Tanti ce ta fara magana, da ƙaramar murya da ban san tana da ita ba, ta ce mi ta yi? Tonton ya gaya mata, bai ɗaga murya ba, ya lissafa mata abin da zai biyo baya in an kore shi, har makarantar yara. Ta riƙa murza bakin mayafi. Can ya ƙara da cewa, "Kuma Patron bai taɓa haihuwa ba. Shi da matarsa su biyu ne." Tanti ta juya ta kalli taga. Na ga kafaɗarta tana rawa. Da ta samu murya ta ce, to ashe ba a taɓa yi masa guɗa ba ke nan.

Ran Litinin matar kamfanin ta zo da maza biyu masu kwat, aka rufe ofis. Tonton ya ɗauki bawul ɗaya ya yi ta gogewa har na karɓe shi daga hannunsa. A gida, na ji daga baya, Tanti ta sallami masu kitso ta zauna a kan darduma. Da baƙin suka fito ba su kalli kowa ba. Tsohon ya biyo su, ya tsaya a tsakiyar gareji ya ce me ake jira, akwai tsere ran Lahadi. Shi ke nan abin da ya ce. Muka yi mako muna jiran takardar kora, muka yi wata, ba ta zo ba.

Da sanyi ya dawo sai ga wata mota mai ƙugiya a ƙofar gareji. Aka sauke tsohon allon katako da ke saman ƙofar, mai ɗauke da sunan gidan su Mista Harlan tun zamanin mahaifinsa, aka ɗora tambarin kamfanin, babba, mai wuta a ciki. Aka raba mana sababbin riguna, aka ƙara albashi. Ɓoyo ya ƙare, domin yanzu garejin sashen injunan kamfanin ne da gaske, har baƙi ake kawowa su ɗauki hoto. Mun yi murna. Tanti ta ce guɗarta ce ta jawo arziki, Tonton ya ce ta dai bari. Tsohon ya riƙa zuwa jefi-jefi, daga baya ya zauna wurin dawakinsa a Summerfield. Takardar Tonton ta fito kafin azumi, aka yanka rago. Ni kuma shekarar da ta biyo na samu gurbin karatu a wata jiha, na bar wanke ƙarafa, na bar Greensboro ina kuka kamar yadda na shige ta.

Sai bayan shekaru, da tsohon ya rasu, Tonton ya kira ni ya gaya mini abin da matar marigayin ta faɗa masa da ya je gaisuwa. Kamfanin ya daɗe yana son sayen garejin haɗe da sunansa, tsohon yana ƙi. Ran Litinin ɗin nan zaɓi biyu suka ajiye masa: ya kori wanda matarsa ta karya sirri a ci gaba kamar da, ko ya sayar. Ya sayar, da sharaɗin cewa sabon mai wurin zai ci gaba da tsaya wa Tonton har takardarsa ta fito. A cikin cinikin an hana shi sake sa sunan gidansu a kan kowane inji har ƙarshen ransa. Kamfanin kuwa bai taɓa rubuta sunan a kan komai ba. Ya saye shi ne kawai ya ajiye.